Rimot a Gwangwanin Madara

"Umma, me ya sa motar Baba take yi mini waƙa in na danna cibiyarta?"

Mubaraka ta yi tambayar ne tana lasar cokali, a tsakar gida, a gaban kowa. Rufaida na durƙushe gaban murhu tana kwashe tuwo, jariri a bayanta ya yi nauyi da barci. Inna, uwar mijinta, na kan tabarma tana tsince zogale. Dariya Inna ta yi, ta ce yaran yanzu tun ba su iya tsarki ba sun iya mota. Rufaida ba ta yi dariya ba. Ta ajiye mara a bakin tukunya, ta jawo yarinyar kusa, ta tambaye ta a hankali wace cibiya.

Yarinyar ta kwatanta da yatsa. Wani maɓalli ne zagayayye kusa da sitiyari. In ka danna sai fitilu su kama, rediyo ta fara magana. Ta ce ita da Abba suna shiga kullum in an fita gona, ita ce direba, shi ne kwandasta. Shekarar Mubaraka biyar. Abba, ɗan autan Inuwa wan mijin Rufaida, bai cika uku ba.

Motar a-kori-kura ce fara mai ƙofa huɗu, ta hannu, wadda Hamidu mijin Rufaida da wansa Inuwa suka sayo a Kano da abin da gandu ya bayar a kakar bara. Ba a zura mata makulli. Wani ɗan baƙin rimot gare ta, bai fi akwatin ashana ba. In yana kusa, ƙofa takan buɗe wa duk wanda ya ja ta. In yana ciki, dannawa kawai ake yi. Biyu aka ba su ranar saye. Ɗaya ya mutu tun satin farko, domin Hamidu ya shiga ruwa da shi a aljihu zai gyara bakin injin ban-ruwa. Aikinsa ke nan duk rani, a fadamar da ke bayan ƙauyensu can gefen Bebeji, inda ruwan Tiga ke ratsawa: yini yake ruwa iya cinya. Tun daga ranar ya daina tafiya da rimot ɗin da ya rage. Hanyar fadama ba ta cin mota, don haka yakan ajiye ta a gindin darbejiyar ƙofar gida, ya jefa rimot ƙarƙashin shimfiɗar ƙafa, ya wuce. Ita kuwa motar ba ta yarda a kulle ta daga waje da rimot a cikinta. In an gwada sai ta yi ƙara ta sake buɗewa. Sai aka bar ta a buɗe.

Da Hamidu ya dawo da yamma, ƙafafunsa sun yi fari fat saboda jiƙa, Rufaida ta bari ya ci abinci tukuna. Sannan ta faɗa masa abin da yarinyar ta ce. Ya shafa fuska, ya ce ai inji ba ya tashi sai an taka birki, ƙafarsu kuwa ba ta kai ba. Ta ce ba ƙafarsu kaɗai ke unguwar ba, akwai yaran makwabta masu tsawo. Ta ce ba ma wannan ya fi damunta ba. Inuwar darbejiya kafin azahar ta janye, motar takan zauna a tsakiyar rana, ita kanta ta taɓa ɗora hannu a jikinta sai da ta ƙone. Ya ce zai yi wa yaran faɗa.

Ya yi musu. Kwana biyu suka yi nesa da motar, a na uku Rufaida ta tsinci takalmin Abba ƙafa ɗaya a kan matakin ƙofarta.

Ta kawo shawara a riƙa barin rimot a ɗakin Inna. Hamidu ya tuna mata an gwada: Inna ta adana shi cikin kwalla, ta kulle ɗaki, ta tafi suna Kiru, aka yini ana neman motar haya. Ta ce to a rataye shi a zaure. Ya ce zaure da gindin darbejiya taku nawa ne, motar za ta ji shi daga nan, kuma yaran da suka hau mota ƙusa ba za ta gagare su ba. Ta ce to ya bar mata, ita ba ta zuwa ko'ina. A nan ya dube ta, irin kallon da ake yi wa wanda ya san amsa amma ya tambaya.

"Yaya ne zai tsaya a ƙofar ɗakinki yana sallama a miƙo masa makullin motar gidan ubansa?"

Ta san haka ne. Shekara shida da aurenta, maganar da ta taɓa shiga tsakaninta da Inuwa ba ta wuce gaisuwa ba, ita a durƙushe, shi yana kallon wani gefen. Matarsa kuwa safiya ta yi ta tafi koyarwa, sai la'asar. Kayan gandu a gidan nan ba a kulle su. Rumbu, garma, injin ban-ruwa, duk wanda ya tashi buƙata ɗauka yake, babba kuma ba ya tambaya. Tun zamanin mahaifinsu haka ake.

Ta koma gadi. Tana daka tana leƙa zaure, tana wanki tana kiran sunan yarinyar, in ta ji shiru ya yi yawa sai ta saki abin da ke hannunta ta fita da kumfa a hannu. Jaririn na fama da haƙori, ba ya barin ta runtsa. Da rana kuma ga wannan. Inna ta ce mata ta sassauta wa kanta, su ma sun goyi yara Allah ya raya. Rufaida ta ce to, Inna. A ranta ta ce lokacinku jaki ake ɗaurewa a gindin bishiyar nan.

Tana wanke kular abincin Hamidu ne abin ya faɗo mata. Kula ce ta ƙarfe mai murfi. Ta tuna wata rana ya dawo yana ba da labari yana dariya, wai ya jefa rimot cikin kular ya rufe don hannunsa ya cika, ya shiga mota ya danna, ta ƙi tashi, tana nuna masa babu makulli alhali ga shi a kan cinyarsa. A lokacin dariya ita ma ta yi. Yanzu ta tsaya da kular a hannu, ruwa na ɗiga a kan ƙafarta.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, ba a zuwa fadama, ta roƙe shi su gwada. Ya bi ta yana hamma. Gwangwanin farko mai murfin roba ne, motar ta ji rimot sarai. Na biyu na madarar gari ne mai murfin ƙarfe, irin wanda sai da cokali ake ɓamɓare shi. Ta naɗe rimot da takardar nan mai ƙyalli da ke zuwa a bakin gwangwanin, ta saka, ta danne murfin da tafin hannu. Hamidu ya danna maɓalli, motar ta yi shiru. Ya sake dannawa. Sai barcin ya sake shi.

Shi ne ya tuna akwai wani siririn makullin ƙarfe a ɓoye cikin rimot ɗin, wanda mai sayarwa ya ce na ranar da batir ya mutu ne. Ya zaro shi. Suka tura gwangwani ƙarƙashin kujera, suka rufe, ya murɗa makullin a ƙofar direba. Motar ba ta yi ƙara ba. Rufaida ta bi ƙofofin huɗu ɗaya bayan ɗaya tana ja da ƙarfinta. Ta sake zagayawa. Sannan ta shiga gida ta yanko igiya, ta zura makullin, ta rataya masa a wuya. Ƙarfe ne zalla, ruwa ba ya yi masa komai.

Ya ce, "Kin yi mini laya."

Ta ce, "Ta fi wasu amfani."

Ran nan ta yi barcin rana, abin da ta manta daɗinsa. Abu ɗaya ne bai zo mata ba, shi ma Hamidu bai zo masa ba, ko kuwa ya zo masa ya ture: makullin ƙarfen ɗaya ne, kuma a wuyan ƙane aka rataye shi.

Ba a yi sati ba Inuwa ya tsinke tumatir. Masu tsinka suka fito da kwanduna bakin hanya tun hantsi, ya zo ya ja ƙofar mota, ta ƙi. Ya leƙa ta gilashi. Ya aika a kira Hamidu, aka ce ya haye ƙetaren ruwa wajen wani inji da ya tsaya, wayarsa kuma tana gida kamar kullum. Tumatir ya sha rana har ya fara zubar da ruwa kafin a samu motar da ta kai shi Kwanar Dangora. Rufaida na jin komai daga bayan katanga, muciya a hannunta, ba ta da bakin da za ta fita ta yi bayani.

Inuwa bai yi faɗa ba, ba halinsa ba ne. Da magariba ya shiga gaida Inna, ya zauna a bakin ƙofa, ya ce da ita cikin muryar da duk gidan zai ji, ashe yanzu sai ya nemi izini kafin ya taɓa abin da guminsa ke ciki. Ya ce ba komai, gobe sai a sa wa rumbu kwaɗo shi ma. Inna ta kira Hamidu. Rufaida ba ta ji abin da aka ce masa ba, amma ta ga yadda ya shigo. Ya cire igiyar daga wuyansa ya jefa kan gado, ya ce daga yau magana ta ƙare, ba zai rabu da ɗan'uwansa a kan gwangwani ba. Ta ce a yanko wani makullin mana a ba Yaya. Ya ce wanda aka riga aka kulle wa ƙofa ba a bin sa da makullin da aka kwaikwaya, cin fuska na biyu ke nan. Ya juya ya kwanta.

Washegari ta ga gwangwanin a bola. Ba ta ɗauko shi ba. Makullin dai ta ɗauke daga kan gado, don kada jariri ya kai baki, ta ƙulle shi a haɓar zaninta. Babu wanda ya tambaye shi. Rimot ya koma ƙarƙashin shimfiɗar ƙafa, ita kuma ta koma gadi.

Zafin bazara ya kankama. Ranar da abin ya faru, jaririn ya kwana yana zawo, da safe ta yi wanki har sau biyu. Wajen sha ɗaya ya samu barci a kan cinyarta. Ta jingina da bango tana jin muryar Mubaraka da Abba a zaure suna wasan gidan ƙasa. Ta ce bari ta rufe ido kaɗan.

Shiru ne ya tashe ta. Inuwar katanga ta tsuke ta koma gindin bango. Ta kwantar da jaririn a tabarmar Inna, ta fita ba takalmi, ba mayafi.

Motar na tsaye a rana tsirara. Rediyo na magana a ciki. A kujerar baya Mubaraka na tsaye, fuskarta manne da gilashi, tana dukan sa da tafin hannu, kukan ma ya daina fita. Rimot na ɗaya hannunta. Ta tsinto shi, ta yi ta danne-danne, motar ta kulle kanta, domin in daga ciki aka danna rimot kulluwa take, ba ta buɗe wa na waje. Rufaida ta ja ƙofa, ta ƙi. Ta yi wa yarinyar nuni ta ja mariƙin ciki, yarinyar ta ja, ta ja, ba abin da ya motsa. Ƙofofin baya na motar nan ba su taɓa buɗuwa ta ciki ba tun da aka sayo ta. Maza sukan buɗe wa fasinja ta waje su ce sai an kai ta wajen makanike. Rufaida ta ce mata ta danna rimot, ko ta tsallaka gaba, yarinyar ba ta jin komai, ido kawai take zarewa. Abba na kwance a kan kujera, riga ta manne masa a jiki, bakinsa a buɗe.

Ba ta san ta yi ihu ba sai da ta ga Inuwa ya ɓullo daga kwanar masallaci da gudu, buta a hannunsa. Ya leƙa ya ga ɗansa. Ya ja ƙofar direba har motar ta girgiza. Ya sunkuya ya ɗauki rabin bulo, ya ɗaga, sai ya tsaya yana neman gilashin da ba zai watsu a kan yaran ba.

A lokacin hannunta ya riga hankalinta zuwa haɓar zani. Ƙullin ya ɗaure tamau saboda wanki, sai da ta sa haƙori. Ta ratsa ta gabansa, kafaɗarta ta bugi hannunsa, abin da ba ta taɓa tsammanin zai faru ba a duniya. Ta zura makullin, ya ƙi shiga, ta juya shi, ya shiga, ta murɗa ta ja ƙofar. Zafin da ya fito daga motar kamar an buɗe tanda.

Aka shimfiɗa yaran a zaure. Inna na salati tana fifita, Rufaida na jiƙa zani tana shafa musu, tana ɗiga wa Abba ruwa a leɓe. Mubaraka ta yi amai ta fara kuka sosai, kukan da uwarta ta ji daɗinsa. Abba ya daɗe kafin ya buɗe ido. Inuwa ya ɗauke su duka biyun a motar ya kai asibiti, Rufaida a baya tana rungume da su, tagogi a sauke. Aka ƙara wa Abba ruwa. Ma'aikaciyar da ta duba su ta tambayi tsawon lokacin da suka yi a ciki, ba wanda ya sani. Ta ce su gode wa Allah.

Sai bayan la'asar suka dawo. Hamidu na zaune a dakalin ƙofar gida, laka ta bushe a ƙafarsa, ya kasa haɗa ido da kowa. Inuwa ya kashe mota ya fito, rimot a hannunsa, yana jujjuya shi kamar bai san inda zai ajiye ba. Rufaida ta sauke yarinyar. Jikinta duk ciwo yake, ba abin da take so irin ta kwanta. Amma ta san in ta shige gida yanzu, gobe rimot zai koma ƙarƙashin shimfiɗar ƙafa, kowa na jin kunyar ya fara magana.

Ta durƙusa nesa kaɗan da shi, ta miƙa makullin ƙarfen da hannu biyu, kanta a ƙasa.

"Yaya, a yi haƙuri. Tun farko wurinka ya kamata ya fara zuwa. Naka ne. In ka ga dama ka sa a yanko wa ƙanenka."

Ya daɗe bai karɓa ba. Da ya karɓa, bai dube ta ba, Hamidu ya duba. Ya tambaye shi ina gwangwanin. Hamidu ya ce ya yar. Inuwa ya ce da shi sai ya je ya nemo, in akuya ta tattake shi a samo wani, kuma a nuna masa yadda ake yi, shi ba a taɓa nuna masa ba. Ya ce jibi zai shiga Tudun Wada ɗaukar taki, zai sa a yanko na biyu. Kafin nan motar ta zauna a kulle, wanda ke da uzuri ya neme shi. Ya zura igiyar a wuyansa, ta yi masa kaɗan, ya cire ya sa a aljihu. Daga nan ya ɗauki ɗansa ya shige.

Ba wanda ya ce mata sannu sai Inna, ita ma da daddare ne, a takaice. Rufaida ba ta nema ba. Ta juye sauran madarar jaririn a kwano ta wanke gwangwanin, ta shanya shi a kan katanga. Makulli biyu ne yanzu, ɗaya a wuyan Hamidu, ɗaya a aljihun Inuwa. Wani lokaci ɗayansu kan yi sauri ya ƙi danne murfin da kyau, motar ta yi ƙara ta ƙi kulluwa, ya tsaya yana tsaki yana gyarawa. In ta ji ƙarar daga cikin gida takan tsaya cak sai ta ji ta daina. Har yau, kullum inuwar darbejiya ta fara janyewa, takan yafa mayafi ta fita ta ja ƙofofin nan huɗu, ɗaya bayan ɗaya, sannan ta dawo kan aikinta. Mubaraka ba ta ƙara zuwa kusa da motar ba. Amma jaririn ya fara rarrafe, kuma zaure yake nufa.

Kai mai irin wannan mota, ke mai yara a gidan da ake ajiye ta: in dole a bar rimot a ciki, a rufe shi a gwangwanin ƙarfe, a danna maɓalli a tabbatar motar ba ta jin sa, a kulle da makullin ƙarfe, a ja kowace ƙofa da hannu. Duk mai hakki a motar a yanka masa nasa makullin tun ranar farko, a fara da babba, don kada fushi ya sa a sake barin ta a buɗe. Kada ku ce an yi wa yara faɗa. Kada ku dogara da inuwar bishiya, kafin azahar ta tashi. In kuwa kun ji gida ya yi shiru da rana tsaka, ku fara duba motar kafin ku duba ko'ina.